Daga Fuloti Zuwa Rufi: Gina Gidan da Zai Jure Damina, Bazara da Hunturu

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo daga Kano ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko ya ratsa Millennium City a Kaduna, ko ya leƙa sababbin unguwannin gefen Maraɗi da Damagaram, abu guda ne zai fi cika masa ido: kangaye. Wani ya tsaya a fandisho, ciyawa ta lulluɓe shi. Wani ya kai linta shekara da shekaru, rodin ginshiƙansa ya yi tsatsa. Wani kuma an rufa ɗaki biyu an tare, sauran ana jiran Allah ya hore.

Haka mafi yawan mutane ke mallakar gida a wannan yanki. Ba kamfani ne ke gina musu ba, ba kuma banki ba. Albashi ne, da kwasar adashi, da ribar kasuwa, da kuɗin bijimi ko buhunan hatsin da aka sayar. Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a Najeriya a 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa don ya samu rance mai ruwan kashi 6 cikin ɗari, amma masu cin moriyarsa ba su da yawa, wasu kuma suna ƙaurace masa saboda batun riba. Ga tsada ta ƙara ɗaure wuya: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, alhali 'yan watanni kafin nan kusan rabin haka ake sayensa.

Mai gini da ƙaramin ƙarfi ba shi da kuɗin yin aiki sau biyu. Don haka babbar tambayar da ke gabansa ita ce inda zai fara zuba ɗan abin da ke hannunsa. Abubuwan da ke riƙe gida, su hana shi tsagewa, su sa a iya barci a cikinsa a watan Afrilu, kusan dukkansu a ɓoye suke: takardar fili, ƙarƙashin ƙasa, cikin bulo, saman silin. Tayil da fenti da ƙyauren waje mai ado, waɗanda baƙo ke fara gani, su ne za su iya jira.

Takarda kafin tubali

A Najeriya, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne haƙƙin zama da amfani, galibi na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce takardar mallaka da ake kira C of O. Sayar da filin da ke da irin wannan takarda yana buƙatar amincewar gwamna. Jihohi da dama sun kafa hukumomin da ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Kafin a miƙa wa dillali ko sisi, a je can a bincika sunan wa ke kan fulotin, ko an jinginar da shi, ko gwamnati ta ware wurin don hanya, makaranta ko asibiti.

Yawancin masu ƙaramin ƙarfi dai awon igiya suke saye, wato gonar da mai ita ya yanka fuloti-fuloti ba da tsarin hukuma ba. Ya fi araha, kuma dubban iyalai na zaune a irinsa lafiya. Amma haɗarinsa sananne ne: lungu ƙunci wanda tifa ba ta iya shiga, babu wurin da aka bari don kwata, ga yiwuwar a sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Mai saye ya nemi ganin mai filin ido da ido, a yi takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu, maƙwabta na kusurwa huɗu su tabbatar da iyaka. Idan filin gado ne, a tabbata an raba gadon, kowane magaji, mace da namiji, ya sa hannu. Daga nan a kira safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a fara neman takardar hukuma tun kafin wuri ya yi daraja.

Cikin gida ma a rubuta. Matar da ta sayar da sarƙarta aka sayi kwano, ɗan'uwan da ya ba da bulo dubu, mahaifin da ya ce a gina a gefen filinsa: a fayyace ko kyauta ce, ko rance, ko haɗin gwiwa. Kotunan shari'a cike suke da rigingimun gidajen da aka gina bisa amana, masu amanar suka rasu, 'ya'ya suka rasa shaida.

Sai izinin gini, wanda a Kano hukumar KNUPDA ke bayarwa, a Kaduna kuma KASUPDA. Mutane na ganinsa ɓata lokaci, amma shi ke nuna wa mutum ko ya shiga hanya ko ƙarƙashin babban layin wuta. Layin da ke ɗauke da kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefensa, na 132 kuma mita 15. Ginin da ya shiga wannan tazara na rusau ne, ko da ya kai shekara nawa.

A ga fili da damina

Filin da aka gani a watan Fabrairu, busasshe shimfiɗaɗɗe, yana iya zama tafki a watan Agusta. Mai hankali yakan koma ya duba wuri bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, ya dubi jikin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari. Ya tambayi dattawan wurin: nan da can mene ne? Idan tsohuwar kududdufi ce aka cike da shara, ko fadama, ko hanyar rafi, to ƙasar ba ta manta ba.

Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallansu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 ruwa ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja, mutum fiye da 150 suka rasu. Ba kowace ambaliya ce mai gida zai iya kauce wa ba, amma yana iya ƙin sayen kwari, yana kuma iya ɗaga daɓen gidansa sama da titi. Layi biyu ko uku na bulo sama da hanya ba asara ba ne, musamman da yake duk ranar da aka zo yin kwalta titin ne ke ƙara tudu, gida ya koma rami.

Irin ƙasa ma na da magana. Jar ƙasa mai tsakuwa, wato marmara, tana ɗaukar nauyi sosai. Baƙar ƙasa mai yumɓu, irin firgin da ke sassan Borno, Gombe da Adamawa, takan kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi har bango ya rabu. A irin wannan wuri, da kuma duk inda za a ɗora bene, sai injiniya ya gwada ƙasa ya faɗi irin fandishon da ya dace. A kowane wuri kuwa, a haƙa har a wuce baƙar ƙasar sama a tarar da mai tauri, a zuba maganin gara a ramin, a cika ɗakuna da ƙasa kaɗan-kaɗan ana jiƙawa ana daddaɓewa, sannan a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren daɓe. Wannan leda, da ba ta kai kuɗin buhunan siminti kaɗan ba, ita ke hana danshi hawa bango yana kwaɓe fenti da filasta duk shekara.

Zane da lissafi

Da yawa sukan kira birkila ya zana ɗakuna da ƙafa a kan ƙasa, a fara haƙa. Daga baya a ga babu hanyar shigar da gado, ko ban-ɗaki ya kalli alƙibla, ko tagar ɗaki ta buɗe a tsakar gidan maƙwabci. Kuɗin mai zane da na mai lissafin kayan gini ƙanana ne idan aka gwada da rushe bango ɗaya a sake. Lissafin kuma ba shi da wuyar bi: kimanin bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya na bango, don haka mai gini da kansa zai iya gane ko adadin da aka rubuta masa ya yi kama da gaskiya.

A zana gidan gaba ɗaya tun farko, sannan a gina shi kashi-kashi, kowane kashi a kai shi rufi. Ɗaki biyu da ban-ɗaki da kicin da aka gama aka shiga sun fi ɗaki shida da suka tsaya a linta ana ci gaba da biyan haya. Wanda ke da niyyar ɗora bene nan gaba ya faɗa tun ranar haƙa fandisho. Ɗora bene kan ginin da ba a yi don shi ba yana cikin sanannun dalilan rushewar gine-gine a Najeriya, tare da rage rodi da ha'incin siminti. Ruftawar wata makaranta mai bene a unguwar Busa Buji ta Jos ranar 12 ga Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai, ta isa ta sa kowa ya ɗauki nauyin bene da muhimmanci. Aikin bene na injiniyan da ke da rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ne, komai ƙwarewar birkila.

Wajen biyan ma'aikata kuwa, jinga ta fi biyan yini sauƙin lissafi, amma mai jinga sauri yake yi. A raba aikin mataki-mataki, a rubuta, a biya bayan an duba. Mai gini ya sayi siminti da rodi da kansa, ya ƙirga, ya ajiye littafi.

Bulo, siminti da ruwa

A gidan buga bulo ne ake fara cin amanar gini. Injiniyoyi da yawa ba sa yarda buhu ɗaya na siminti, mai kilo 50, ya fitar da bulo inci 9 fiye da 30, amma akwai masu matsa shi ya ba da 40 ko 50. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, tana da ma'aunin ƙarfin bulo, kuma binciken jami'o'in Najeriya ya sha nuna cewa mafi yawan bulon kasuwa bai kai shi ba.

Gane shi ba ya buƙatar na'ura. Mai saye ya zaɓi bulo da kansa daga tsakiyar jeri, ba wanda aka miƙo masa ba. Ya murza kusurwarsa da babban yatsa: idan yashi ya zubo kamar garin kwaki, ya ajiye. Ya ɗaga shi daidai ƙugu ya sake shi a kwance kan ƙasa mai tauri. Nagari zai faɗi da ƙara mai kauri, ƙila gefensa ya ɗan ɓantare. Na ha'inci zai watse. Wanda ke da wuri da ruwa, ya fi masa alheri ya kira masu bugawa su buga a filinsa, yana tsaye ana fasa buhu.

Yashi ma a gwada shi. A zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta taru a samansa. Idan lakar ta yi kauri, wannan yashi zai raunana kankare komai yawan simintin da aka sa. Simintin kansa kada a tara shi fiye da wata uku, kuma a ɗora shi kan katako nesa da bango, don danshi na daskarar da shi tun yana cikin buhu. Wanda kuɗi suka shigo masa alhali bai shirya aiki ba, gara ya mayar da su bulo, ko rodi, ko kwano.

Haɗin kankaren da aka saba da shi don ginshiƙi da linta shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, da ma'auni ɗaya ba da shebur ba. Leburori na son ƙara ruwa don kwaɓi ya yi laushin juyawa, amma ruwan da ya yi yawa wajen kwaɓi ƙarfi yake ragewa. Inda ake son ruwa da yawa shi ne bayan an zuba. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Haɗuwa yake yi da ruwa a hankali, kuma sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A iskar hunturu ko zafin bazara, kankaren da ba a shayar ba yakan bushe cikin yini guda, ya tsattsage, ya tsaya da rauni har abada. A riƙa jiƙa shi safe da yamma aƙalla mako guda, a rufe shi da buhuna jiƙaƙƙu. Idan birkila ya ce, "Alhaji, ai ya kama, mu cire katako," a tuna cewa kankaren bene yakan so mako uku kafin a taɓa turakun da ke tallafe da shi.

Abin da magina na dā suka sani

A Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu yana kai digiri 40, har ya wuce. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana a irin wannan lokaci zai ji bambancin tun daga zaure: iska mai sanyi-sanyi, ba fanka ba na'ura. Sirrin yana cikin kaurin bango. Katangar tubali mai kaurin rabin mita tana shanye zafin rana a hankali, ba ya ratsawa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa. Da dare bangon kan saki zafin, shi ya sa mutanen dā ke kwana a tsakar gida ko bisa soro da bazara. Da hunturu kuwa wannan ɗumin ne ake nema. Bulon siminti mai rami da rufin kwano ba su da wannan haƙuri: rana na bugawa, ɗaki na ɗauka.

Magina na dā sun kuma san kare ƙasa daga ruwa. Suna cuɗa birji da ciyawa su bar shi ya ruɓa kwanaki kafin a mulmula tubali. Suna rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Suna shafe bango da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, su daɓe rufi da laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara. Suna fitar da indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Da wannan ilimi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Da shi hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 ke tsaye, a tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Da shi kuma Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Ginin ƙasa dai yana da sharaɗi: kulawa ba fashi. Ruftawar wani sashe na masallacin Zariya a watan Agustan 2023, da asarar rayukan da aka yi, ta tuna wa kowa cewa tsohon gini yana buƙatar ido a kansa kullum, kuma tsaga a bango ko rufi ba abin jira ba ce.

Akwai hanyar tsakiya da ke ƙara karɓuwa. Ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse ta da inji ta fito tubali mai kusurwa, ba a gasa shi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injinan wannan aiki. A Yamai, wata ƙungiyar masu zane da ta haɗa da Mariam Kamara 'yar Nijar ta gina gidaje shida da irin wannan tubali a aikin da aka kira Niamey 2000, aka kammala a 2016. A ƙauyen Dandaji, ita da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da shi, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu a 2018. Wanda ke da jar ƙasa kusa da filinsa ya cancanci ya yi lissafin wannan hanya, bisa sharaɗin fandisho da layukan farko su zama na dutse ko siminti, rufi kuma ya fito ya kare bango.

Rufi da tagogi

A gidan da ba bene ba, ta sama mafi yawan zafi ke shiga. Kwano mai duhun launi yana iya kai digiri 70 da tsakar rana, amma launin da ake yayi shi ne baƙi da ruwan toka mai duhu. Fari ko mai haske yana mayar da hasken rana, kuma kuɗinsu kusan ɗaya ne. Tsakanin kwano da silin a bar sarari, a buɗe masa ƙofofin iska masu raga a gefe biyu don zafin da ya taru ya samu mafita. Takardar alminiyom mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, ko abin tare zafi a bisa silin, suna rage zafin ɗaki sosai, kuma sa su lokacin rufi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya nuna wannan dabara a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001. Ya yi silin na tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafuna, iska na ratsawa tsakani, kwanon kuma ya fito sosai yana yi wa bango inuwa. Yanayin Gando da na Katsina ko Damagaram ba su da wani nisa.

Fuskar gida ma kyauta ce ga wanda ya yi tunani da wuri. Rana na dukan bangon gabas da safe, na yamma da la'asar, kuma na yamman ne ke hana barci. Idan fili ya ba da dama, a miƙe tsawon gida daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. A ajiye sito, ban-ɗaki ko matakala a ɓangaren yamma su tare wa ɗakunan kwana. Hadarin damina kuwa daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, don haka bangon gabas ke buƙatar filasta mai kyau da bakin rufi mai faɗi. Katakon rufi a ɗaure shi da ƙarfe cikin kankaren saman bango. Yawancin rufin da guguwar farkon damina ke yayewa, ƙusa kawai ke riƙe da su.

Kowane ɗakin kwana ya samu taga biyu a bango daban-daban, da 'yar ƙofar iska can sama kusa da silin, domin iska mai zafi sama take tashi. Tagar gilas mai zugewa rabi kawai take buɗewa; mai ɓallewa waje tana buɗewa duka. Wannan ba batun jin daɗi kaɗai ba ne: cunkoso a ɗaki marar iska na taimaka wa yaɗuwar sanƙarau, wanda ke tashi a wannan yanki da rani. Kada kuma a cinye fuloti kaf da gini. Tsakar gida da bishiyar darbejiya ko mangwaro, nesa kaɗan da fandisho, tana sauke zafin gida duka, saɓanin filin da aka malale da siminti yana mayar da zafi cikin ɗakuna har dare.

Ɗumama ɗaki da hunturu

Sanyin ƙasar Hausa gajere ne amma yana cizo. A Disamba da Janairu daren Kano kan sauka ƙasa da digiri 15. A Jos, mai tudun kimanin mita 1,200, yakan kai 10 ko ƙasa da haka, haka ma tsaunin Mambila da duwatsun Azbin. Jarirai da tsofaffi ne suka fi jin jiki.

Abin da aka saba shi ne kaskon wuta. A hura gawayi a tsakar gida, a shigo da shi ɗakin mai jego ko na tsohuwa, a ja ƙofa, a toshe ƙasanta da tsumma, a saki labule. Garwashi ya yi ja, babu hayaƙi, kowa ya ɗauka lafiya lau. Amma gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri da kasala, kuma mai barci ba ya farkawa ya ji su. Ita ce iskar da ke fita daga janareta, wadda ta sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Idan za a yi amfani da kasko, a ɗumama ɗaki taga na buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Janareta kuwa a gina masa wurinsa a sarari, kimanin mita 6 daga tagogi.

Hita ta lantarki ba ta da wannan guba, amma tana jan wat 1,000 zuwa 2,000, don haka sai da waya mai kauri da soket nagari, nesa da labule da katifa. Ƙaramar sola ba ta ɗaukarta. Hita mai gas tana buƙatar iska kamar kasko. A wurare masu sanyi sosai kamar Jos da Gembu, murhun bango mai bututun hayaƙi da ya fita ta rufi shi ne hanyar ƙona itace cikin aminci, kuma tun a zane ake sa shi.

Mafi arahar ɗumi dai ginin ne da kansa. Silin da ke tare zafin bazara shi ne ke riƙe ɗumin ɗaki da hunturu. Tagar kudu na shigo da ranar Disamba, wadda ke karkata kudu a wannan lokaci. Ƙofa da taga masu rufuwa ruf a ɓangaren arewa da gabas suna tare jaura da ƙura. Ruwan wanka kuwa, tankin ɗumama ruwa da hasken rana a bisa rufi yana raba gida da hura itace da asuba.

Wuta, ruwa da bayan gida

A watan Afrilun 2024 kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, ya ninka fiye da sau uku zuwa naira 225 kowane yunit, a watan Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya jingina da abin da ba shi da tabbas. Ƙaramar na'urar tana jan wat 700 zuwa 1,000, fankar sama 60 zuwa 75, fankar sola kuwa kusan rabin haka. Na'urar da ke sanyaya iska da ruwa, wadda ta yaɗu a Nijar da Sudan, tana aiki sosai a busasshen zafin Maris da Afrilu da wuta kaɗan, sai dai ba ta da amfani idan damina ta kawo laima. Ko ba a da kuɗin sola yanzu, a ware layin fitilu da fanka daban da na firij da dutsen guga, a binne bututun waya zuwa rufi. Waya kuwa a sayi ta jan ƙarfe tsantsa, a kafa sandar da ke sauke wuta ƙasa, don yawancin gobarar da ake ɗora wa dawowar wuta daga siririyar waya take farawa.

Rufi ma rijiya ce. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a garin da ke samun milimita 700 yana zubar da lita 70,000 a shekara. Kwararo da tanki suna kama wani kaso, su kuma hana ruwan cin gindin bango.

Tsakanin rijiya da masai ko sokawe ana son mita 30. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka kimanin mita 30 ne, don haka dole a ajiye su a ƙarshe biyu, a kuma tambayi maƙwabta inda nasu ramukan suke kafin a haƙa, ramin ƙazanta ya kasance ta gangare.

Bayan an tare, aikin da ya rage na kowace shekara ne, kuma lokacinsa Afrilu, kafin hadarin farko. A hau rufi a duba ƙusoshin da suka ɗaga, a share kwararo da indararo, a yashe kwatar ƙofar gida tare da maƙwabta, a bi gindin bango ana neman hanyar gara. Tsagar da aka gani a shafa mata ɗan siminti a rubuta kwanan wata a gefe. Idan ta sake buɗewa cikin 'yan makonni, ko ta bi bango a karkace daga kusurwar taga zuwa ƙasa, fandisho ne ke motsi, kuma injiniya za a kira kafin ruwa ya sauka.